Lauyan da ke tsaye tsakanin kotu biyu a Amurka

Akwai wani fanni na aikin lauya a Amurka da yawancin mutanenmu ba sa jin labarinsa sai ranar da ta ɓaci, kuma ranar da suka ji galibi aikin gama ya riga ya gama. Shine lauyan da ya san dokar laifuka ya kuma san dokar shige da fice lokaci guda, ya san inda ɗaya ke shiga cikin ɗaya. Mutum zai ce to ai duk lauya lauya ne, a'a wallahi ba haka abun yake ba a can, domin kotun da ke hukunta mai laifi daban take, kotun da ke yanke ko baƙo zai zauna ko za a tasa ƙeyarsa daban take, alƙalansu daban, dokokinsu daban, ba sa ma tuntuɓar juna, amma takarda ɗaya da mutum ya sa wa hannu a ta farko ita ce za ta je ta yanke masa hukunci a ta biyu bayan shekara biyu ko goma ko ashirin. Abin da nake so mu gane shine makomar baƙo ba a gaban alƙalin shige da fice ake fara yanke ta ba, tun a barandar kotun laifi ake gama magana, cikin minti biyar ɗin da lauya ya tsaya da shi yana ce masa ka amsa kawai ka tafi gida.

Ga yadda abun ke faruwa. An kama saurayi mai girin kad, wato katin zama na dindindin, da zargin ya ɗauki kaya a shago, ya kwana a hannun 'yan sanda, gari ya waye an kawo shi kotu bai yi wanka ba bai ci komai ba, hankalinsa duk yana kan wurin aiki kar a kore shi da kuma mahaifiyarsa da ba ta san inda ya kwana ba. Lauyan da gwamnati ta ba shi kyauta yana riƙe da fayil masu yawa a hannu, duk na mutanen da ke jiransa ne a wannan safiyar, sai ya zo ya ce masa mai gabatar da ƙara ya yi tayi mai kyau, ka amsa laifin sata, za a rubuta ɗaurin shekara ɗaya amma ba za ka yi ko kwana ɗaya a gidan yari ba, ɗaurin je-ka-gyara-halinka ne, yau ɗin nan za ka kwana a gida. Waye zai ƙi? A idon lauyan laifi wannan nasara ce, kuma da ɗan ƙasa ne da nasarar ce ta gaskiya. Amma a dokar shige da fice ta tarayya, sata da aka rubuta wa ɗaurin shekara ɗaya ta shiga rukunin da suke kira manyan laifuka masu tsanani, ko da ba a zauna gidan yarin ba, kuma wanda ya faɗa wannan rukunin kusan duk ƙofofin neman sassauci an rufe masa, ba neman mafaka, ba roƙon alƙali ya duba shekarun da ya yi ko 'ya'yan da ya haifa. Da an rubuta kwana 364 maimakon 365 da bai shiga rukunin ba. Kwana ɗaya tak. Kuma fa ta wannan hanyar ta amsa laifi ake gama kusan duk shari'o'in laifi a can, Kotun Ƙoli da kanta ta ambata a 2012 cewa kashi 97 cikin ɗari na hukuncin kotunan tarayya da kashi 94 na kotunan jihohi duk ta amsa laifi ne, ba a kai ga kiran shaidu ba.

Ba haka dokar take tun asali ba. Rukunin manyan laifuka masu tsananin nan a 1988 aka ƙirƙire shi lokacin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma abu uku ne kawai a ciki, kisan kai da fataucin ƙwaya da fataucin makamai. Sai aka yi ta ƙara masa kaya, har 1996 zamanin Bill Clinton majalisa ta yi dokoki biyu a shekara ɗaya da suka buɗe shi sosai, satar da aka rubuta wa ɗaurin shekara ɗaya ta shiga, jabun takardu ya shiga, damfarar da asararta ta wuce dala 10,000 ta shiga, har ya zama laifin da jiha take ɗauka ƙarami zai iya zama babba mai tsanani a wurin tarayya. Kafin 1990 alƙalin da ya yanke wa mutum hukuncin laifi yana da ikon ya ba da shawara cewa kar a kori wannan, kuma shawarar tana da ƙarfi, a 1990 aka soke wannan ikon. Wata malamar shari'a mai suna Juliet Stumpf ta yi rubutu a 2006 kan yadda dokar laifuka da dokar shige da fice suka cakuɗe har ba a iya raba su, kuma tun daga nan makarantun lauyoyi suka fara ɗaukar abun a matsayin fanni mai zaman kansa.

Inda abun ya fi ci min rai shine wannan. Tun 1893 Kotun Ƙolin Amurka ta ce korar baƙo ba hukunci ba ce, lamari ne na gudanar da mulki, kuma har yau a kan wannan ake tafiya. Tunda ba hukunci ba ce, duk kariyar da tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma da laifi ba ta bi mutum zuwa kotun shige da fice. A kotun laifi tun shari'ar Gideon ta 1963 dole gwamnati ta ba talaka lauya, a kotun shige da fice kuwa an ce kana da damar kawo lauya amma da kuɗinka, in ba ka da shi ka tsaya da kanka, alhali a ɗaya ɓangaren akwai ƙwararren lauyan gwamnati da aikinsa kenan kullum. Shi ma alƙalin ba alƙali ne mai cin gashin kansa ba, ma'aikaci ne a Ma'aikatar Shari'a, ministan shari'a ne ubangidansa, yana iya janyo kes zuwa teburinsa ya canza fassarar doka, yana iya sallamar alƙali, kuma an sallami da dama a 2025. Wata tsohuwar alƙaliyar irin wannan kotun a San Francisco, Dana Leigh Marks, ta sha faɗin cewa suna yin shari'ar rai da mutuwa ne a yanayi irin na kotun masu karya dokar tuƙi. Shari'o'in da ke jiran layi sun haura miliyan 3 tun ƙarshen 2023. Wani bincike da Ingrid Eagly da Steven Shafer suka fitar a 2015, bayan sun duba shari'o'i sama da miliyan ɗaya na tsakanin 2007 da 2012, ya nuna kashi 37 cikin ɗari ne kawai suka samu lauya, waɗanda ke tsare kuwa kashi 14.

Abin da ya mayar da wannan fannin sana'a ta sosai shine shari'ar Jose Padilla da jihar Kentucky a 2010. Shi Padilla haifaffen Honduras ne, ya fi shekara 40 a Amurka da takardun zama na dindindin, ya yi wa ƙasar aikin soja a yaƙin Biyetnam, direban babbar mota ne, aka kama shi da tabar wiwi mai yawan gaske a motar. Ya tambayi lauyansa batun takardu, lauyan ya ce kar ya damu tunda ya daɗe a ƙasar, ya amsa laifi, ashe laifin na kora ne kai tsaye. Kotun Ƙoli ta bakin mai shari'a John Paul Stevens ta ce lauyan da bai faɗa wa baƙo cewa amsa laifinsa zai jawo kora ba, bai yi aikin da tsarin mulki ya ɗora masa ba. Daga ranar duk ofishin lauyoyin kare talakawa a ƙasar ya wayi gari da wani nauyi da yawancin ma'aikatansa ba su karanta ba, sai manyan ofisoshi suka fara ɗaukar ƙwararru na musamman da aikinsu shine lauyan laifi ya kira su kafin ya bar mutum ya amsa komai. A 2013 kotun ta ce hukuncin bai shafi waɗanda shari'arsu ta ƙare kafin 2010 ba, wanda ya bar mutane da yawa a rana. A 2017 kuma ta ƙara masa ƙarfi a shari'ar Jae Lee, ɗan Koriya ta Kudu da aka kawo shi yana ɗan shekara 13, yana da gidajen abinci a yankin Memphis, shi ma lauya ya ce masa ba za a kore shi ba. Gwamnati ta ce ai ko ya je gaban shaidu zai faɗi tunda hujja ta kama shi, kotun ta ce wanda kora ce babbar damuwarsa yana da hankali in ya zaɓi ya gwada sa'arsa komai ƙanƙantarta.

To shi wannan lauyan me yake yi kullum? Tambayar farko da yake wa mutum ita ce a ina aka haife ka, ba me ka aikata ba. Sai yaushe ka shigo, da wace biza, yaushe ka samu girin kad, iyayenka sun zama 'yan ƙasa kafin ka cika 18, domin akwai mutanen da sun riga sun zama 'yan ƙasa ta hanyar iyayensu ba su ma sani ba, kuma ɗan ƙasa ba a korarsa. Kwanan wata yana da muhimmanci ƙwarai, misali akwai wani rukunin da ake kira laifin da ke nuna lalacewar ɗabi'a, kalmar tana cikin dokar tun 1891 kuma majalisa ba ta taɓa fayyace ma'anarta ba, alƙalai ne ke ta fassara, guda ɗaya cikin shekara biyar da shigowa zai iya jawo kora in laifin na iya kai ɗaurin shekara, guda biyu kuwa ko yaushe ne. Mai girin kad da yake so alƙali ya yafe masa korar sai ya cika shekara biyar da katin da shekara bakwai na zama, kuma wasu laifukan suna tsayar da lissafin daga ranar da aka aikata su. Bayan ya gama wannan lissafin sai ya koma wurin mai gabatar da ƙara ya fara ciniki, a canza sashen dokar da za a amsa, a rage kwana ɗaya, a raba ɗauri gida biyu kowanne ƙasa da shekara, a cire sunan ƙwayar daga takarda, a rubuta asarar ƙasa da dala 10,000 ko da mutum zai biya diyya. Wani lokacin sai ka ga lauya yana roƙon a ba wanda yake karewa wata uku a gidan yari kan wani laifin daban maimakon a sake shi yau kan laifin da zai kore shi, kuma sai ya zauna ya fahimtar da mutum da iyalinsa dalilin da ya sa zaman gidan yarin ya fi alheri, wanda ba ƙaramin aiki ba ne in ka tuna uwa ce a zaune tana kuka tana so ɗanta ya fito. Irin wannan matsin daga lauyoyi ne ya sa wasu jihohi suka gyara dokarsu gaba ɗaya, Kalifoniya daga 2015 da New York a 2019 suka mayar da iyakar ɗaurin ƙananan laifuka kwana 364.

Idan kuma an riga an amsa laifin, makamin da ya rage shine karatun doka kalma bayan kalma. Ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce ba a duba abin da mutum ya aikata a zahiri, ana ɗora dokar jihar da aka hukunta shi da ita a kan ma'anar da tarayya ta bayar, in ta jihar ta fi faɗi, wato tana hukunta abin da ta tarayya ba ta hukuntawa, to sau da yawa korar ba ta tsaya ba. Shari'ar Moones Mellouli ita ta fi nuna wannan. Ɗan Tunisiya ne da ya zo karatu, ya yi digiri na biyu har biyu, ya koyar da lissafi a jami'ar Missouri, yana da girin kad. A 2010 aka kama shi a Kansas kan tuƙi cikin maye, da aka caje shi aka samu ƙwayoyi huɗu na Adderall a cikin safarsa. Laifin da ya amsa a ƙarshe shine mallakar kayan ajiye ƙwaya, kuma kayan da ake nufi safar ƙafarsa ce, takardar tuhumar ba ta ma faɗi wace ƙwaya ba ce. A 2012 aka kore shi. Lauyoyinsa suka zauna suka jera sunayen ƙwayoyin da Kansas ta haramta gefe da gefe da na tarayya, suka samu aƙalla guda tara a jerin Kansas da babu su a na tarayya, da wannan suka je har Kotun Ƙoli suka ci a 2015. Haka Adrian Moncrieffe ɗan Jamaika da aka kawo shi yana ɗan shekara uku, aka same shi da giram 1.3 na wiwi a Georgia, gwamnati ta ce fataucin ƙwaya ne, kotun ta ce a 2013 dokar Georgia ta haɗa har da wanda ya miƙa wa abokinsa kaɗan ba don kuɗi ba, saboda haka ba za a kira shi ɗan fatauci kai tsaye ba. Mai son wannan aikin sai ya kasance mai haƙurin zama da tsofaffin kundin doka, ya nemo yadda sashe kaza yake a shekarar da aka yi hukuncin ba yadda yake yau ba, ya rubuta wa magatakardan wata ƙaramar kotu a nemo masa fayil na shekara ashirin da ta wuce.

Mutanenmu na Bronx da Harlem a birnin New York da sauran garuruwa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana, tarkon nan yana kama su ta hanyoyin da ba sa zato. Wiwi ta halatta a New York da jihohi da yawa, ana sayar da ita a shago, amma a dokar tarayya haramtacciya ce kuma ta tarayya ake bi a shige da fice, har ma furta wa jami'i da bakinka cewa ka taɓa mallakarta zai iya hana ka takarda ba tare da an taɓa kai ka kotu ba. Mai girin kad da ke da tsohon ɗan laifi zai iya zama shekaru ba wanda ya taɓa shi, ranar da ya je gida ganin iyaye ko ya je Umara ya dawo, a filin jirgi za a ɗauke shi tamkar sabon mai neman shiga, kuma ma'aunin shiga ya fi na zama tsauri. Rigimar miji da mata da maƙwabci ya kira wa 'yan sanda, ko dukan yaro da sunan tarbiyya da malamar makaranta ta ga tabo ta kai rahoto, duk suna da sashensu na kora tun 1996. Wanda ya ba aboki lambar asusunsa aka turo kuɗin damfara ta ciki, lissafin dala 10,000 ɗin nan na iya hawa kansa ko da abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Kuma abin da mutane suka fi ruɗuwa a kai, jiha ta ce ta goge maka laifi bayan ka gyara hali, a wurin shige da fice laifin yana nan daram. Wani rahoto na 2016 da BAJI, ƙungiyar kare haƙƙin baƙi baƙaƙen fata, ta yi tare da makarantar lauyoyi ta jami'ar New York ya nuna baƙaƙen fata kusan kashi 7 ne cikin ɗari na baƙin da ba 'yan ƙasa ba, amma su ne kusan kashi 20 na waɗanda ke fuskantar kora saboda laifi, kuma dalilin a bayyane yake, unguwar da 'yan sanda suka fi tsayar da mutane ita za ta fi tura mutane wannan layin.

Sai batun tsarewa, wanda shine ɓangaren da ya fi cin jikin lauya. Tun shirin da aka fara a 2008, zanen yatsan duk wanda 'yan sanda suka kama yana wucewa zuwa hukumar shige da fice, sai ICE, hukumar da ke kamawa da korar baƙi, ta aika wa gidan yarin takardar a riƙe mata shi har awa 48 ta zo ta ɗauka. Masu wasu laifukan doka ta ce a tsare su ba beli har a gama shari'a, Kotun Ƙoli ta amince da hakan a 2003, sannan dokar Laken Riley ta Janairun 2025 ta ƙara cewa wanda ya shigo ba ta hanyar doka ba, kama shi kawai da zargin sata ko ɗaukar kaya a shago ya isa, ba sai an same shi da laifi ba. Mutum zai kwana a New Jersey ya wayi gari a Jena ko Oakdale ta jihar Louisiana, ko Lumpkin ta Georgia, ƙauyuka masu nisa da birni inda lauyoyi ba su da yawa, kuma canjin wurin yana canza har fassarar dokar da za a bi da shi tunda kowace kotun ɗaukaka ƙara ta yanki da nata ra'ayin. Lauya zai yi tuƙin awanni, ya ajiye wayarsa a ƙofa, ya jira a fito masa da mutum, ya yi magana da shi ta bayan gilashi, ranar zama kuma sau da yawa alƙali a talabijin yake, tafinta a waya, layin yana yankewa, kuma a wannan yanayin ake so mutum ya ba da labarin azabar da yake tsoron za a yi masa in an mayar da shi. In tafintan ya juya kalma ɗaya ba daidai ba sai a rubuta cewa maganarsa tana cin karo da juna, shikenan an daina yarda da shi. Yanzu ma an ƙara wani nauyin, tunda a 2025 an fara kai mutane ƙasashen da ba nasu ba, Sudan ta Kudu da Eswatini, ita ma Gana ta karɓi 'yan Afirka ta Yamma ciki har da 'yan Najeriya, to lauya ko ya ci nasarar hana a mayar da mutum ƙasarsa sai ya sake shirin faɗa kan ƙasa ta uku.

Shin lauyan yana canza wani abu kuwa? New York ta gwada. A 2013 aka fara wani shiri a kotun shige da fice ta Varick Street na ba duk talakan da ke tsare lauya kyauta, ta hannun ofisoshin kare talakawa na Bronx Defenders da Brooklyn Defender Services daga baya da Legal Aid Society, kuma wani alƙalin kotun ɗaukaka ƙara, Robert Katzmann, shi ya yi ta tura maganar tun da ya ga irin shari'o'in da ke zuwa gabansa a lalace. Da cibiyar bincike ta Vera ta auna shirin a 2017 ta ƙiyasta kashi 48 cikin ɗari za su yi nasara, alhali a da waɗanda ba su da lauya a wannan kotun kashi 4 ne. Doka ɗaya, alƙalai ɗaya, mutane iri ɗaya. Wannan ya nuna da yawan waɗanda ake kora suna da hujjar zama a cikin dokar kanta, wanda zai tono ta ne babu.

Ga mai sha'awar shiga, hanyar da aka saba ita ce digirin farko a kowane fanni, sai shekara uku a makarantar lauyoyi, sai jarrabawar lasisi ta jiha. Da lasisin jiha ɗaya za ka iya tsayawa a kotun shige da fice ko'ina tunda ta tarayya ce, amma kotun laifi sai a jihar da kake da lasisi, shi yasa masu wannan fannin suke zama su ƙware a dokar jiha ɗaya. Yawancinsu sun fara ne tun suna ɗalibai a sashen koyon aiki na makaranta inda ake ba su kes na gaske ƙarƙashin malami, daga nan wasu su shiga ofishin kare talakawa, wasu ƙungiyoyi irin su Florence Project a Arizona ko Immigrant Defense Project a New York, wasu su samu gurbin Immigrant Justice Corps, shirin ɗaukar sababbin lauyoyi su kare baƙi da aka kafa a 2014, wasu su buɗe ofishin kansu. Wanda ya karanta shari'a a Zariya ko Kano ko Legon ta Gana ba sai ya fara daga tushe ba, New York tana duba takardun waɗanda suka fito daga ƙasashe masu tsarin shari'a irin na Ingila ta ba su damar zama jarrabawa, wasu kai tsaye wasu bayan digiri na biyu na shekara ɗaya a can, mai takardar Nijar kuwa tunda tsarin Faransa ne sai ya bi ta digiri na biyun. Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar zama lauya, Ma'aikatar Shari'a tana ba ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ta amince da su izinin wakiltar mutane bayan horo, banda aikin mataimakin lauya da na tafinta. Albashi dai gaskiya bai kai na masu yi wa kamfanoni aiki ba ko kusa, ga bashin karatu, sai dai akwai shirin 2007 da ke yafe ragowar bashin tarayya ga wanda ya yi shekara goma yana biya yana aikin gwamnati ko na agaji. Gajiyar zuciya kuma tana korar mutane da yawa daga aikin, domin za ka yi komai daidai ka faɗi, kuma kai ne za ka kira matar ka faɗa mata.

Nasan wani zai ce to me yasa za a ɓata ilimi wajen kare mai laifi, ai ƙasar mutane ya je ya yi musu ɓarna. Maganar tana da nauyi, ba kowa ne mai safa da ƙwaya huɗu ba, cikin waɗanda ake karewa akwai wanda ya cuci mutane da gaske, akwai wanda ya daki matarsa har asibiti, kuma kowace ƙasa tana da ikon cewa ba ta son irin wannan. Amma ni a ganina wanda ya yi laifi ya yi zaman da alƙali ya yanke masa ya biya bashinsa, abin da lauyan nan ke nema shine hukunci na biyun ya zama an auna shi, a duba ko laifin ya kai a raba uba da 'ya'yansa har abada, a duba ko dokar ma ta ce a kore shi, kuma 'ya'yan nan da yawansu 'yan ƙasa ne ba su yi wa kowa komai ba. Wanda aka kawo yana goye, bai san kowa a ƙasar da aka haife shi ba, bai iya yaren ba, in ya saci hanya ya dawo wurin iyalinsa kuma laifin tarayya ne da zai iya kai shi ɗaurin shekara 20 in yana da babban laifi a baya.

Ga waɗanda suka riga suka amsa laifi ba tare da an gargaɗe su ba, reshe guda na aikin shine komawa kotun laifin a nemi ta warware tsohon hukuncin. Hukumar ɗaukaka ƙarar shige da fice ta ce tun 2003 in an warware shi saboda kuskuren doka a shari'ar farko to ya goge, in kuwa don tausayi ne ko don a taimaka wa mutum da takardu to yana nan, saboda haka yadda aka rubuta dalilin a takardar alƙali shine komai. Kalifoniya ta yi doka ta musamman da ta fara aiki a 2017 da ke ba wanda ya gama zaman hukuncinsa damar shigar da irin wannan ƙarar, wasu jihohin kuma wa'adinsu gajere ne, in ya wuce ya wuce. Kuma a nan ne masu cika takardu na unguwa, waɗanda ba lauyoyi ba amma suna karɓar kuɗi kamar lauyoyi, suke jefa mutane a rami, su cika wa mai tsohon laifi fom ɗin neman zama ɗan ƙasa ba su tambaye shi ko an taɓa kama shi ba, ya je ganawa da murnarsa ya fito da takardar sammacin kotun kora.